Tambaya da Amsa: Amosanin Gaɓɓai a Dabbobi da Masanan da Suka Sauya Maganinsa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo sun taru a kan ciwo ɗaya, amosanin gaɓɓai, wanda ke sa kare da kyanwa da doki ɗingishi idan shekaru sun ja. Likitocin dabbobi masu aikin ƙashi ne suka amsa su.

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na likitancin dabbobi. An ba ni aikin rubutu a kan masanin da ya fi tasiri a fannin ƙashi da amosanin gaɓɓai. Na duba Google Scholar sai na ga lambobi birjik: wannan an fi ambatonsa, wancan ma'aunin h nasa ya fi girma. Da wanne zan yanke hukunci?

AMSA: Malama, Allah ya ba da sa'a. Ma'aunin h wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. Idan aka ce na mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙaloli 40 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 40. Lambar tana da amfani, amma ki san rauninta. Ba ta raguwa, saboda haka dattijo galibi yana gaban matashi. Ba ta bambanta ambaton yabo da na suka, ko wanda mutum ya yi wa kansa. Kuma tana bin girman fanni: masu binciken ƙashin dabbobi 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da na mutane, don haka lambar da take ƙarama a can babba ce a nan. Ko a kan mutum guda, Google Scholar kan ba da lambar da ta fi ta Scopus, wata ma'ajiyar maƙalolin bincike, domin ya fi kwashe-kwashe. Irin wannan damuwa ce ta sa masana suka rubuta sanarwar DORA a San Francisco a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da martabar mujallar da ta buga aikinsa.

Shawararmu ita ce ki ɗauki kowane suna ki yi masa tambaya biyu. Me likita yake yi yau wanda ba ya yi kafin aikin wannan mutum? Me kuma ya daina yi?

Ɗauki Gail Smith na Jami'ar Pennsylvania a Amurka. Tsarin OFA, ƙungiyar tantance lafiyar ƙashin dabbobi ta Amurka wadda aka kafa a 1966, ba ya ba kare shaidar lafiyar ƙugu sai ya cika wata 24. Smith ya fito da hanyar PennHIP: a sa kare barci da allura, a sa wani abin turawa tsakanin cinyoyinsa, a ɗauki hoton ƙashi, a auna yadda kan ƙashin cinya ke zamewa daga gurbinsa. Sakamakon lamba ce da ke tsakanin 0 da 1, kuma wanda nasa bai kai 0.3 ba haɗarinsa kaɗan ne. Ana iya wannan awo tun ɗan kwikwiyo yana da mako 16, lokacin da ƙaramar tiyatar haɗe ƙashin mara take iya gyara girman ƙugu. Da zarar ya wuce mako 20 damar ta kuɓuce.

Sai Michael Conzemius da Richard Evans, waɗanda a 2012 suka buga wani aiki da ya kamata kowane ɗalibi ya karanta. Sun bi karnuka 58 masu amosani da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. A kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan dubawa, masu karnukan sun ce an sami sauƙi. Likitocin da suka duba tafiyar karnukan ma sun faɗi haka a kusan kashi 45. Amma farantin awon taku, wanda ake binnewa a daɓe don ya auna nauyin da kare ke ɗora wa kowace ƙafa, bai nuna wannan sauƙin ba. Tun daga nan duk binciken da ya dogara da “mai kare ya ce ya ji sauƙi” kawai ya rasa ƙarfi. Dorothy Brown a Pennsylvania ta tsara takardar tambayoyi 11 mai suna CBPI, John Innes da abokan aikinsa a Libaful suka tsara LOAD mai tambayoyi 13, duk domin a daina auna ciwo da ka.

A ganinmu masu ƙera ma'auni su ne suka fi tasiri a wannan fanni, domin dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kuma duk wani magani da ya biyo baya da ma'auninsu aka gwada shi. Ki kuma duba ko aikin mutum ya tsallaka zuwa likitancin mutane. A 1973 Pond da Nuki a Gilasgo suka nuna cewa yanke jijiya guda a gwiwar kare na haifar da amosani, kuma masu binciken ciwon a jikin ɗan Adam sun daɗe suna gina aikinsu a kan wannan.

TAMBAYA: Karena ɗan shekara 8 ne, kilo 38. Da safe sai ya daɗe kafin ya miƙe, yana tafiya a sandare, amma da ya ɗan zagaya sai ya ware. Tsufa ne kawai ko ciwo?

AMSA: Malam, sandarewa bayan kwanciya da warewa bayan motsi ita ce alamar amosani da aka fi sani. Tsufa shi kaɗai ba ya sa ɗingishi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kan kowane ƙashi a gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, wanda ba shi da jijiyar jini kuma ba shi da jijiyar jin zafi. Abincinsa yana samu ne daga ruwan gaɓa mai yauƙi, wanda motsi ke turawa cikinsa. Shi ya sa idan ya fara zaizayewa ba ya komawa yadda yake. Zafin yana tasowa ne daga ƙashin da ke ƙasansa, da fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki idan ta kumbura. Daga baya ƙananan ƙaho na ƙashi su tsiro a gefen gaɓa, ruwan ya tsinke, naman cinya ya rame don ba a aiki da shi. A karnuka galibi akwai sanadi a ƙasa: ƙugu ko gwiwar hannu da ba su zauna daidai ba tun ƙuruciya, tsinkewar jijiyar gwiwa, ko ƙoƙon gwiwa mai gocewa. Don haka a bar likita ya lanƙwasa kowace gaɓa da hannu, sannan ya ɗauki hoton ƙashi. A sani kuma munin hoto ba kullum yake daidai da yawan zafi ba.

Maganin farko shi ne sikeli. Wani bincike da aka fara a Amurka a 1987 ya ɗauki 'yan kwikwiyon Labrador 48, aka haɗa su bibbiyu, aka rage wa ɗaya daga kowane biyu kashi 25 cikin 100 na abin da ɗan'uwansa ke ci, har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa sun kai matsakaicin shekara 13, sauran 11.2. Amosanin ƙugu ya bayyana a hotonsu a wajen shekara 12, na sauran a shekara 6. Babu wata ƙwaya da ta taɓa yin irin wannan aiki. Ko karen da ya riga ya kamu, wani ƙaramin bincike a Gilasgo a 2010 ya nuna ɗingishi na fara raguwa idan ya zubar da kimanin kashi 6 cikin 100 na nauyinsa. A naka, wannan bai kai kilo biyu da rabi ba.

Ka shafa haƙarƙarinsa. Idan sai ka danna kafin ka ji ƙashi, ko ka dube shi ta sama ba ka ga ƙugu ya shiga ba, yana da ƙiba. A auna abincinsa da sikeli a daina ɗiba da ido, a nemi ragin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyi a mako, a riƙa auna shi duk mako biyu. Inda ake yawan faɗuwa shi ne loma-lomar da mutanen gida ke jefa masa, wadda ba wanda ke lissafa ta.

Motsa jiki kuma ya zama kullum kuma daidai gwargwado: tafiya a igiya minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a ƙara a hankali. Kwanciyar mako guda sannan gudun yini ɗaya ita ke tayar da ciwon. Iyo yana da kyau. A shimfiɗa abu mai kama ƙafa a kan daɓe mai sulɓi, a yanke farata.

Sannan magungunan kumburi na dabbobi. Karfurofen ana ba da miligiram 4.4 a kan kowane kilo a rana. Meloksikam miligiram 0.2 a kan kilo a ranar farko, daga nan 0.1. Likita ne zai rubuta bayan awon jini na ƙoda da hanta. Kada a haɗa biyu daga cikinsu, kada kuma a haɗa ɗaya da deksametason ko furednisolon, domin wannan haɗin kan huda ciki. Idan za a sauya daga wani zuwa wani, akan bar kwana 5 zuwa 7 a tsakani. Amai, ƙin abinci ko baƙin kashi kamar kwalta, a tsayar da magani nan take a kira likita.

TAMBAYA: An ce in ba karena tiramadol da gulukosamin. Wani kuma ya ce ibufurofen ɗin da nake sha zai yi masa.

AMSA: Ibufurofen kada ka kuskura. Yana jawo wa kare gyambon ciki da lalacewar ƙoda ko da a ƙaramin awo. Tiramadol kuwa likitoci sun daɗe suna rubuta shi, sai a 2018 Steven Budsberg da abokan aikinsa a Jami'ar Jojiya suka gwada shi a kan farantin awon taku, miligiram 5 a kan kilo sau uku a rana na kwana 10. Bai fi ƙwayar banza ba, alhali karfurofen ya yi aiki a gwajin guda. Dalili shi ne hantar kare ba ta sarrafa shi sosai zuwa sinadarin da ke kashe zafi. Gulukosamin da kondoroitin ba su da cutarwa, amma wani nazari da masana a Montreal suka yi a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, bai sami amfaninsu ba. Wanda ya fi nuna amfani a wannan nazari shi ne man kifi mai omega-3.

TAMBAYA: Likita ya ce jijiyar gwiwar karyata ta tsinke, kuma zai yanke ƙashin ƙwauri ya sa ƙarfe. Ban gane ba. Jijiya ce ta tsinke, me ya kai wuƙa ga lafiyayyen ƙashi?

AMSA: Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta na cikin manyan sauye-sauyen da aka samu a wannan fanni.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. Ta gaban ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. A mutum yawanci wasa ko faɗuwa ke tsinka ta. A kare ruɓewa take yi a hankali, zare bayan zare, har ranar da ƙaramin tsalle zai ƙarasa ta. Saboda haka ɗinke ta ba ya riƙewa, kuma kusan rabin karnukan da ta tsinke musu a ƙafa ɗaya sukan tsinka ta ɗaya ƙafar daga baya. Likita kan gane ta da hannu: ya riƙe ƙashin cinya ya ja ƙwauri gaba, ya ji ya zame. Saki Paatsama na ƙasar Finland ya yi cikakken bayanin ciwon tun 1952.

Barclay Slocum, likitan dabbobi a jihar Oregon, shi ya dubi abin ta wata fuska. Saman ƙashin ƙwaurin kare, inda ƙashin cinya ke zama, a karkace yake zuwa baya, galibi digiri 20 zuwa 30. Kamar mota ce da aka ajiye a gangare aka ɗaure ta da igiya: igiyar ta tsinke, motar ta gangara. Ko ki sake ɗaura igiya, ko ki baje gangaren. Aikin TPLO, wanda shi da matarsa Theresa suka bayyana a 1993, baje gangaren ne. A auna kusurwar a hoto, a yi wa saman ƙashin yanka mai lanƙwasa da zarto na musamman, a juya guntun har kusurwar ta dawo wajen digiri 5, a ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori. Gwiwar sai ta daina zamewa idan kare ya taka, ko da babu jijiyar. A lokacin aikin dole a leƙa cikin gaɓar a duba matashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, domin sau da yawa shi ma ya yage, kuma idan aka bar shi ɗingishi ba zai tafi ba.

Akwai wasu hanyoyin. TTA, wadda Montavon da Tepic suka fito da ita a Zurik a 2002, tana tura gaban ƙashin ƙwauri ne. Akwai kuma tsohuwar hanyar ɗaure gwiwa ta waje da zaren nailan mai kauri. Abin lura shi ne TPLO ta bazu kafin a sami ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. Sai a 2013 wani gwaji na karnuka 80 da Wanda Gordon-Evans ta jagoranta ya nuna ta fi ɗaurin nailan bayan shekara guda. Nauyi ma yana shiga lissafi. Binciken Vasseur na 1984 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na karnukan da ba su wuce kilo 15 ba sun sami sauƙi ba tare da tiyata ba, amma a manya kusan ɗaya cikin biyar ne kawai.

Bayan aiki, ƙashi na buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin ya haɗe. Babu gudu, babu tsalle, babu hawa bene ba riƙo, fita sai a igiya. A sa mata abin wuyan da zai hana ta lasar ɗinki har a cire zare a kwana 10 zuwa 14, domin lasa na cikin manyan hanyoyin da ƙwayoyin cuta ke kaiwa ga ƙarfen. Yawancin ɓarna tana zuwa a mako na uku ko na huɗu, lokacin da ta ji daɗin ƙafar aka ga kamar ta warke aka sake ta. A ɗauki hoto a mako na 8 kafin a sassauta. Ki kuma sani tiyatar tana rage saurin amosani ne, ba ta hana shi gaba ɗaya.

TAMBAYA: Kyanwata ta shekara 13. Ba ta ɗingishi, amma ta daina hawa taga, gashin bayanta ya cukurkuɗe, har tana fitsari a gefen kwandon yashinta.

AMSA: Kyanwa ba kasafai take ɗingishi da amosani ba, domin yakan kama ɓangarorin biyu tare. Abin da ake gani shi ne abin da ta daina yi, kuma kin lissafa shi. Elizabeth Hardie ta duba hotunan kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12 a 2002, ta sami alamun lalacewar gaɓɓai a 90. Duncan Lascelles na Jami'ar Jihar North Carolina ya sake dubawa a 2010 da kyanwoyi manya da ƙanana, ya sami 92 cikin 100. Kafin waɗannan ayyuka, ciwon kusan ba a neman sa a kyanwa.

A fara da awon jini da fitsari, domin tsohuwar kyanwa kan haɗa amosani da ciwon ƙoda. A sa mata kwandon yashi mai gajeren baki, da matakala zuwa inda take son kwanciya. A Turai an yarda da meloksikam na dogon lokaci a miligiram 0.05 a kan kilo, idan tana ci tana shan ruwa. Farasitamol kuwa guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Akwai allurar wata-wata, Solensia, wadda Amurka ta amince da ita a 2022. Tana kame wani sinadari mai suna NGF da ke ƙara wa jijiyoyi jin zafi. Takwararta ta karnuka ita ce Librela. Suna rage zafi, amma ba sa gyara gaɓa. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta rubuta wa likitocin dabbobi a kan rahotannin tangaɗi da farfaɗiya da wasu matsaloli a karnukan da aka yi wa Librela. Irin wannan magani na mutane, tanezumab, an watsar da shi a 2021 saboda yana sa gaɓar wasu ta lalace da sauri. Ba mu ce a guje su ba, amma a tabbatar da ciwon kafin allura, a kuma riƙa dubawa bayanta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, dokina na ɗingishi a ƙafar gaba, an ce a yi masa allura a cikin gaɓa. Na ji wasu na cewa allurar na cinye gaɓa. Gaskiya ne?

AMSA: Ranka ya daɗe, ya danganta da wace allura. Wayne McIlwraith, ɗan New Zealand da ya kafa cibiyar binciken ƙashi a Jami'ar Jihar Kolorado, shi da David Frisbie da sauran abokan aikinsu ne suka warware wannan gardama. Sukan fasa ɗan guntun ƙashi mai faɗin milimita 8 a gwiwar gaba ta doki, su yi allurar, su sa dokin gudu a kan injin gudu har kimanin kwana 70, sannan su duba guringuntsin. A 1997 suka nuna allurar rage kumburi ta tirayamsinolon tana rage ɗingishi ba tare da cutar da guringuntsi ba. A 1998 suka nuna metilfurednisolon yana lalata shi. Saboda haka ba a son na biyun a gaɓɓai masu yawan motsi irin su gwiwar gaba da gaɓar da ke saman kofato. Tirayamsinolon kuma a al'ada ba a wuce miligiram 18 a jikin doki gaba ɗaya, saboda tsoron kumburin cikin kofato, musamman a doki mai ƙiba.

Amma kafin allura a tabbatar da wurin. A sa dokin sassarfa a ƙasa mai tauri: kansa yana ɗagawa idan ƙafar gaba mai ciwo ta taka, ya sunkuya idan lafiyayyar ta taka. A fara matsa kofato da abin matsi, domin yawancin ɗingishin gaba daga ƙasa yake tasowa. A lanƙwashe gaɓa na kimanin minti ɗaya a sake shi a ga ko ɗingishin ya ƙaru. Sannan likita ya riƙa kashe jijiyar zafi da allura daga ƙasa zuwa sama har ɗingishin ya ɓace, a ɗauki hoton wurin.

Ranar allura a wanke fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mintuna, a sa safar hannu, a buɗe sabuwar kwalba da sabuwar allura. A huta da dokin kwana biyu zuwa uku, a dawo da aiki a hankali. Idan gaɓar ta yi zafi ta kumbura, ko ya ƙi taka ƙafar, ko da bayan mako biyu ne, a ɗauka ƙwayoyin cuta sun shiga, domin maganin kan ɓoye alamun a kwanakin farko. Wannan na buƙatar a zuƙi ruwan gaɓar a auna, a wanke ta a ranar, kada a jira gobe.